Na Laƙƙana wa Kirista Kalmar Shahada

Anti Humaira, don Allah ki taimake ni da shawara, kunya ta hana ni sukuni. Ni 'yar zangon Kumasi ce, ina zaune a unguwar Morris Heights da ke Bronx, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Kwanakin baya kamfaninmu ya tura ni Brooklyn wurin wata tsohuwa Balarabiya 'yar Iraƙi, Ummu Faris. Tsufa ya kwashe mata Turancin, sai Larabci. Baƙin ɗankwali, carbi a hannu, motsi kaɗan ta ce ya Allah, in ta ci abinci ta ce alhamdulillah. To, mu da muka tashi muna ganin kowane Balarabe kamar jikan Sharifai, me zan tambaya? Har gori na yi wa ƙawayena cewa na samu uwa mai albarka.

Ran nan numfashinta ya sarƙe. Na kira motar asibiti, kafin su iso na ɗora kanta a cinyata, na yi abin da zan yi wa uwata: na kai bakina kunnenta ina laƙƙana mata kalmar shahada, ina cewa ta faɗa. Anti, matar da ba ta iya ɗaga kofi ta ture ni, tana kuka, tana kare fuska. Carbin ya faɗi, sai ga ɗan gicciye a jikinsa, wanda kullum take dunƙulewa a tafin hannunta.

A asibiti 'yarta Rima ta ba ni labari. Kiristocin birnin Mosul ne. 'Yan bindiga suka ba su zaɓi, ko su musulunta ko su fice, suka bar gidan kakanninsu daga su sai kayan jikinsu don kada su faɗi abin da ni na matsa mata ta faɗa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu an sallamo ta. Da na shiga ɗakin sai ta hau rawar jiki, abinci ma ba ta karɓa daga hannuna. Rima ba ta san dalili ba, har haƙuri take ba ni. Maigidana Inusah ya ce in ja bakina in nemi canjin gida, kada a ce wa'azi na je yi a kore ni. Ni kuwa ina son tsohuwar nan. Yaya zan yi?

Mai jin kunya, Bronx

'Yar'uwa, kunyar nan taki alamar imani ce, amma ba za ta ciyar da Ummu Faris ba. Niyyarki ƙauna ce, Allah Ya gani. Kuskurenki shi ne zato, wanda Hausawa suka ce zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Larabawa Kiristoci suna kiran sunan Allah tun kafin Musulunci ya iso ƙasashenmu, kuma littafinmu ya ce babu tilas a addini.

Tsoron Malam Inusah ba na banza ba ne, aiki a garin nan ba ya faɗowa daga sama. Sai dai in kin sulale, Rima za ta yi ta kai uwarta wurin likita neman ciwon da ke kin san asalinsa.

Ki sami Rima ita kaɗai, ki faɗa mata kamar yadda kika faɗa mini, ba kwana-kwana. Ki nemi ta roƙar miki gafara wurin uwarta da Larabcinsu. Sannan ki sanar da kamfani da bakinki kafin su ji a wani wuri. In suka ce a canza ki, ki karɓa, kwanciyar hankalin tsohuwar ya fi son da kike mata.

In kuwa suka bar ki, ki tambayi Rima abin da uwarta take so a yi mata in ranar ajali ta zo, ki ajiye lambar limamin cocinsu a wayarki. Gobe da safe, kafin ki miƙa wa tsohuwar shayi, ki fara miƙa mata carbinta, gicciyen yana sama inda za ta ga kin gani.

Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya sanyaya taki.

Anti Aishatu Humaira