Layin da Aka Ja wa Kakan Ɗan Kwangila

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya karatu, yaya sanyin Ingila? Mu nan Ƙofar Marke lafiya lau muke, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Aikina na jami'a kan silsilar malaman ƙasar nan ya ƙare min da baƙin ciki. Ka tuna, kowane malami ɗigo ne a allo, layi kuma yana nuna wanda ya yi karatu wurin wani. Na tsara ƙa'idojin da kwamfuta za ta bi: ba a ƙara layi, ba a haɗe ɗigo biyu, sai da rubutacciyar shaida.

To, wani Alhaji ɗan kwangilar siminti ne ya yi alkawarin sayo mana kwamfutar. Ya zo ya dubi allon, ya nuna ɗigon wani malami, ya ce, "Ina kakana? Ai wurin babban malamin ga ya yi karatu." Na ce ya kawo shaida. Sai shugaban sashenmu ya karɓe allin da nake zane da shi daga hannuna, ya sa ɗigon kakan, ya ja layin da kansa, ya ce, "Malam Umaru, ƙa'idar ga ai mu munka yi ta."

Yaya, kowa ya san malamin ya rasu kafin a haifi kakan nan! Wallahi ƙyama ta kama ni. Na ce su cire sunana daga aikin, sun kuwa cire, ba wanda ya ba ni haƙuri.

Ka sa ni a addu'a, Allah ya ba ni mafita. Inna tana gaishe ku duka.

Ƙaninka,
Umaru