Turakun da aka kafa a gonar Baba

Zuwa ga Yaya Raelene,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da maigidanki Trevor da yara. Ina roƙon Allah ya sa wasiƙar nan ta same ku lafiya, ya kuma sauƙaƙa muku zafin Karratha. Mu nan Tasmaniya sanyi ya fara ja da baya. Mama tana nan a gidan kula da tsofaffi, ƙafar ta yi sauƙi, sai dai har yanzu tana kirana da sunanki, ni kuma ina amsawa. Ranar Lahadi na kai mata miyar kabewa, ta shanye tas, sannan ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Yaya, maganar gonar da Baba ya bar mana mu uku ce ta sa na ɗauki biro. Ƙaramar hukuma ta fito da tsari cewa gonar da ba ta da amfanin noma ana iya mayar da ita wurin zama, a yanka ta fuloti-fuloti, mutanen birni su gina gidaje su ajiye doki ɗaya da kare. Ƙasa mai kyau kuwa ba a taɓa ta. Da na ji haka hankalina ya kwanta, don kowa a yankin nan ya san jar ƙasarmu, dankali ko jefa shi kika yi sai ya fito.

To amma shekara biyu ke nan autanmu Desmond bai shuka komai a gangaren gonar ba. Ƙaya ta cinye wurin har shinge. In na yi magana sai ya dafe ƙugu ya ce bayansa ne, wai in ina son noma ga makullin tarakta nan. Bayan nan da ke ciwo bai taɓa hana shi kamun kifi ranar Asabar ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Makon jiya wani mai gwajin ƙasa ya zo da farar mota da ƙarfen haƙa, Desmond yana gaba yana nuna masa hanya. Da suka tafi na sa takalmin roba na bi turakun da suka kafa a wuraren da suka ɗebi ƙasar gwaji, guda shida, kowanne da ƙyalle ruwan hoda. Ɗaya a tsohuwar hanyar da Baba ya zuba tsakuwa don manyan motoci, wadda ciyawa ta rufe tuntuni. Ɗaya a ramin wankan tumaki. Sauran a kan duwatsun tudu da bakin fadama. Ko ɗaya babu a tsakiyar gona inda ƙasa mai kyau take, don gwajin ya nuna gonar ba ta da amfanin noma. Baƙo ba zai san waɗannan wurare ba, sai wanda aka haifa a gidan nan. Da ɗan gari akan ci gari. Na tare Desmond a rumfar tarakta, ya yi dariya ya ce yaushe na shiga aikin ɗan sanda bai sani ba, wai in je in sha shayi in huta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Takardar sanarwar neman a yanka gonar fuloti-fuloti ma a ƙofar baya ta gonar ya liƙa ta, ta lungun da ba mai bi sai motar madara. Maƙwabcinmu tsoho Merv ne ya gani ya gaya mini. Jiya na je ofishin hukuma na ce a nuna mini takardun. Ma'aikaciyar ta ce sa hannun biyu daga cikin masu gona uku ya isa, kuma an samu. Ta juya shafin. Na ga na Desmond, a ƙarƙashinsa kuma sunanki, da wannan harafin farko mai doguwar jela da kike yi tun muna firamare.

Juma'a mai zuwa ake rufe karɓar ƙorafi, bayan nan gonar ta tafi. Don Allah ki kira ni kafin ranar, ki gaya mini gaskiya. In hannunki ne, to kun haɗa kai kun rufe ni, ke da muke waya duk Lahadi. In ba naki ba ne, ƙanenmu ya ƙirƙiri sa hannun yayarsa, kuma ni ce zan kai shi ƙara. Na rasa wace amsa zan roƙi Allah ya ba ni.

Ki gaida Trevor, da 'yarki Kaylene da jaririnta, da ɗanki Shane. Maigidana Barry yana gaishe ku. Mama ban gaya mata komai ba.

Ƙanwarki da ke jiran wayarki,
Glenys