Jiniyar garinmu ta mutu, ni kaɗai na sani

Malama Lorna, mai filin ba da shawara a jarida,

Don Allah ki taimake ni. Ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan ba tare da zancen ya zaga ko'ina kafin faɗuwar rana ba. Ni ce akawun ofishin wani ƙaramin gari a yammacin Kansas, mu ɗari huɗu ne da 'yan kai. A kusurwar ofishina akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur, aikinta ɗaya tak, ita ke tayar da jiniyar gargaɗin guguwa da ke kan turke bayan coci. Yau kwana hamsin da uku ke nan ta ƙi tashi.

Ni na kashe ta. Ranar walimar 'yan kwana-kwana a Fabrairu, tukwanen lantarki sun cinye duk soket ɗin zaure, miyar wakena kuwa tana hucewa. A kan soket ɗin kwamfutar akwai takarda da rubutun Orval, shugaban 'yan kwana-kwana, cewa kada a jona komai a nan. Na ɗaga takardar na jona tukunyata. Sai na ji ƙas, fitila ta yi ƙyafta-ƙyafta, wari ya taso kamar ana ƙona roba. Na zare tukunya, na mayar da takarda na lallaɓa ta da tafin hannu, na koma zaure aka yi ta yaba miya.

Tun daga nan kullum da safe sai na danna maɓallin. Babu fitila, babu ƙarar fanka, babu komai. Na sauya waya, na hure ƙura, har dukan gefenta na yi.

Kin san al'adar nan, ana gwada jiniya Larabar farko ta kowane wata da tsakar rana, amma in akwai hadari sai a fasa, kada mutane su ɗauka ta gaske ce. Na yi niyyar ranar gwajin Maris in yi kamar ni ma a lokacin na gano. Sai gari ya haɗa hadari. Orval ya leƙo, ya dubi sama, ya ce a bari kada tsofaffi su karye a matakalar ramin ɓuya a banza. Afrilu ma haka. Wallahi sau biyun nan daɗi na ji, kuma wannan daɗin ne ya fi ba ni tsoro. Orval ne ya tsaya mini na samu aikin nan bayan rasuwar mijina, da wane ido zan dube shi?

Ƙanwar mahaifiyata, Verlene, tana zaune a bakin gari a gidan tirela, irin marar nauyin nan da ake ja da mota. Ba ta riƙe wayar hannu, ta gidan ma ba ta jin ƙararta. Da abin dogarawarta, minti goma sha ɗaya take yi kafin ta kai ramin da maƙwabta ke ɓuya wa guguwa, ita ta auna da agogo. Lahadin da ta wuce ta ce mini ta daina duban sama, tunda 'yarta ce ke zaune kusa da jiniya. Kwana uku ke nan iskar kudu tana kaɗawa da ɗumi, tsuntsaye sun yi tsit. Ki faɗa mini yadda zan tayar da na'urar nan ba tare da kowa ya sani ba.

Mai Miyar Wake

*

'Yar uwa,

Batun na'urar shi ne mai sauƙi. Jona fitilar tebur a soket ɗin, in ba ta kama ba, matsalar daga bango take, a duba akwatin wutar ginin. In ta kama, duba ƙaramin makunnin da ke bayan kwamfutar, ki zare wayar, ki danne maɓallin rabin minti, ki mayar. Amma ƙarar da warin da kika ambata sun fi kama da ƙonewar akwatin da ke raba wuta a cikinta. Sau da yawa shi kaɗai ake sauyawa, abin da ke ajiye a ciki bai taɓu ba. Kada ki buɗe shi da kanki, yana riƙe wuta ko an zare waya. Aikin mai gyara ne.

Ba zan ɗora miki laifin duka ba. Garin da ya rataya ran mutum ɗari huɗu a kan tsohuwar na'ura ɗaya, mai gadinta takarda, shi ma yana da abin amsawa. Jona tukunya kuskure ne, kowa na iya yi. Shirun kwana hamsin da uku kuwa zaɓi ne, kina sabunta shi kowace safiya.

Saboda haka abin da kika roƙa ba zan ba ki ba. Ko ta tashi gobe, ba ki san ko jiniyar za ta amsa ba sai an gwada, gwaji kuwa duk gari zai ji. Ki je wurin Orval yau, ki faɗa masa da bakinki, ki fara da tukunyar. Ki tambaye shi ko akwai makunnin hannu a jikin turken, a sanar da ofishin gaggawa na gunduma, a kuma sa wanda zai riƙa ƙwanƙwasa ƙofar Verlene. Zai ji haushi, ƙila ma aikin ya girgiza. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ki kuma yafe mini wannan. Kin ɓoye sunan garinku, ni kuwa na duba hasashen yanayin Alhamis, an ce guguwa na tafe yankinku. Ban jira fitowar jarida ba, na aiko miki amsar nan kai tsaye, na kuma soma kiran shugabannin 'yan kwana-kwana na ƙananan garuruwan yammacin jihar ɗaya bayan ɗaya, ina neman mai suna Orval. Ina so ki riga ni isa wurinsa. Daga teburinki zuwa ƙofarsa ba zai kai minti goma sha ɗaya ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya tsare ku baki ɗaya.

Lorna