Bindigar Labbo da Bindigar Baba

Talata Mafara,
14 ga Maris, 1982.

Zuwa ga ƙanwata Baturiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya kuma sauƙaƙa miki sanyin Jos da kika ce yana kama ki a gwiwa. Mu nan lafiya lau. 'Yata Mairo ta sauka, an sami ɗiya, an sa mata sunan inna. Malam Tukur ne ke rubuta mini wannan, ni ina faɗi. In kin kai ƙarshe za ki gane abin da ya hana ni riƙe alƙalami, kuma na riga na roƙe shi ya bar murmushin da yake yi.

Kin san Labbo ɗan marigayi yayanmu, wanda ke gyaran injuna a wurin dam. To, Baturen da yake yi wa aiki ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa wani akwatin wasa. Katako ne tsaye kamar mutum, da gilashi irin na talbijin a ƙirjinsa, da bindigar roba ɗaure da waya. In an tayar da injin wuta sai wani farin ɗigo ya riƙa gudu cikin gilashin, kai kuma ka auna ka ja kunama. In ka same shi akwatin ya yi ƙara, lamba ta hau. Harbi goma sha biyar ake ba mutum. Labbo ya ce babu harsashi, ido ne a cikin bakin bindigar, haske yake gani. Ya girke abin a zaurensa, gari ya ɗauka.

Na je da hantsi, lokacin da babu kowa sai shi, don kada a ce tsohon maharbi yana wasan banza. Baturiya, goma sha biyar na harba, goma sha biyar na kuskure. Ɗigon nan biyu nake ganinsa, wani lokaci uku. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce shekara biyu ke nan da farar yana ta fara rufe mini idon dama. Da na sake gwadawa hannuna ya gaji, bakin bindigar ya ɗaga sama kaɗan, daidai wata 'yar taga da ke bisa akwatin inda rana ke shigowa. Na ja kunama don haushi, sai ƙara. Na sake, sai ƙara. Ashe idon bindigar nan wawa ne, bai san ɗigo da rana ba. Labbo yana can duƙe kan injinsa, na ɗauka bai gani ba.

Ranar kasuwa zauren ya cika. Sallau na Garbadu, wanda ni na koya wa ɗura albarushi, ya harba ya sami tara, da idonsa da gaskiyarsa. Aka ce sai ni Bawa na gwada. Da na ce ba ni so, da shi ke nan. Sai na gyara hula, na auna taga, na kawo goma sha biyar cif. Wani ya ce ya ga bakin bindigata ya yi sama da yawa, na ce masa ai haka mu na da muke yi, gaban nama ake harbi ba jikinsa ba. Har na juya na ce wa Sallau ya koma ya ƙara karatu. Aka yi ta dariya, ana cewa tsufa bai taɓa idon Bawa ba. Ban ɓoye miki ba, na ji daɗi.

Bayan mako biyu sai ga mutane daga sabon ƙauyen da aka tsugunar da danginmu wajen Maradun saboda ruwan dam. Suka ce wani ƙaton kada ya addabe su a bakin ruwa, ya ɗauke awaki uku a inda mata ke wanki. Da Sallau za su kira, amma labarin goma sha biyar ya kai musu. Bakina ya amsa kafin hankalina ya iso. Na ɗauko bindigar baba, Sallau ya ce zai raka ni ko da riƙon gora ne.

Aka yi shela kowa ya ƙaurace wa ruwa. Da rana ta ɗaga muka kwanta bayan wani dutse, ina duban ruwan da ya haɗiye gonarmu. Can sai na hangi wani baƙin abu cikin ciyawa yana motsi, yana nutsewa yana tasowa. Na ɗora, na auna, yatsana ya hau kunama. Sai na ji Sallau ya danne bakin bindigar ƙasa da ƙarfi yana salati. Taibatu ce, Baturiya. Taibatu kurma, ƙawarki ta ƙuruciya, duƙe da baƙin zane tana wanke ƙorai. Shelar ba ta shiga kunnenta ba. Muka kamo hanyar gida, kuma da Sallau ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talatar da ta biyo na koma zauren, na tara mutane, na nuna musu taga. Na ce Labbo ya toshe ta da buhu. Na harba goma sha biyar, na sami ɗaya, ita ma ina zaton ɗigon ne ya zo ya faɗa wa bindigar. A nan Labbo ya sunkuyar da kai ya ce ai tun ran farko ya gani, Baturen ma ya gargaɗe shi ya riƙa rufe taga, amma ya ji nauyin ya kunyata baffansa. Ki duba, kunyar da ya ji mini ta kusa cin ran baiwar Allah.

Ga dalilin takardar nan. A gaban jama'a na miƙa wa Sallau bindigar baba, kuma da ita ya kashe kadan bayan kwana uku, harbi ɗaya. Na san kina da haƙƙi a cikinta, na bayar ban tambaye ki ba, ki yafe mini. Na biyu, ki sa ɗanki Sanusi ya bincika mini likitan ido a can wajenku, in an gama cirar albasa zan taho.

Na je neman gafara wurin Taibatu. Kin san sai an ɗaga murya, don haka laifin da na so in faɗa mata a asirce sai da na faɗe shi sau uku, unguwa duka tana ji, har da masu leƙe ta katanga. Da ta gane, ta dube ni ta ce ita da ma tun muna yara ta san ba ni gani sai abin da nake so in gani. Sa'an nan ta ce in zan rubuto miki in gaya miki tana nan da ranta, kuma ba ni ne na bar mata shi ba.

Ki gaida Alhaji da Sanusi da Gimbiya da Batulu. Mairo da Labbo da Malam Tukur suna gaishe ki. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanki,
Bawa, wanda a da ake ce wa maharbi.