Riguna Uku Sun Ishe Ni

Da sunan Allah. Ni ne ubanku, tsohon mai wanki da guga. Hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka yi mini tawaye. Ban yi karatu ba, kun kuma sha tuna mini, don haka maƙwabcina tela ke rubutawa, na hana shi gyara ko kalma ɗaya.

Albishirinku! Ranar Asabar na kwashe kabad ɗina kaf. Riguna ashirin da shida na fitar ƙofar gida, kafin rana ta karkata babu ko ɗaya. Saura uku, da hula biyu. Ɗakin ya sha iska, kyankyasai sun yi ƙaura, da safe babu ruwan ido. Wallahi ji nake kamar an sauke mini buhu daga ka! Ba don kaina kaɗai na yi ba. Na ga abin da akwatunan marigayiya mahaifiyarku suka yi wa gidan nan. Shekara huɗu ke nan ke Nas da ke Auta ba ku ga-maciji saboda zannuwa. A kan nawa kayan ba za a yi wannan ba.

Na ɗaya. Kai babbana, farar taka ce. Ka fi kowa aiko mini da riguna, kullum ta hannun direba. Riga ba ta tambayar yaya jiki. Direban ma na ba shi guda, shi ne dai nake ganin fuskarsa. Shekara arba'in ina goge kayan mutane, na san gida daga ƙunshin wankinsa. Mai riga talatin uku yake sawa, sauran warin akwati ke kawo su wurina. Ka rage naka, ka ga yadda za ka samu lokacin zumunci.

Na biyu. Kai Malam, ka ɗauki mai ruwan tokar, wadda ka ce kada in ƙara zuwa makarantarku da ita. Na yafe, amma ban manta ba. Ita na sa na goge kayan da kuɗinsu ya kai ka makaranta. Haɗa da dutsen gugana. A fara da wuya, a ƙare da hannu, kada a cika garwashi.

Na uku. Kabad ɗin a bai wa tela. Ga shi nan yana murmushi, ya daɗe yana auna shi da ido.

Na huɗu, a nan nake so ku buɗe kunne. Shuɗiyar, mai faci a kafaɗa, mahaifiyarku ce ta yi facin da hannunta, zaren ma bai dace ba, na hana kowa warwarewa. Ke Nas da ke Auta, taku ce ku biyu. Ba a yanka ta, ba a sayarwa, ba a kulle ta a akwati. Wata ɗaya a ɗakin wannan, wata ɗaya a ɗakin waccan. Wadda take hannunta ita za ta wanke, ta goge, ta kai wa 'yar'uwarta da ƙafarta. Ban yarda da aike ba. A shiga, a zauna, a sha ruwa. Ke Nas ke ce babba, ke za ki fara kaiwa. Na san za ki ce taurin kaina ne. To a wurin wa kika gada?

Kada ma ku jira in mutu. Tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, wata mai kamawa a fara, in gani da idona.

Allah Ya yi muku albarka, Ya suturta ku duniya da lahira, Ya ba ku masu jin maganarku fiye da yadda kuka ji tawa. Ku riƙe juna. Ku maza biyu, duk watan da rigar nan ta kwana inda ba nan ne wurinta ba, ku je ku ɗauko yayar ku kai ta ƙofar ƙanwar, ku tsaya a waje sai kun ji dariya.