Kuɓewarki Ba Ta Fito Ba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, na zo miki da labarin da ba daɗi. Inna, kuɓewarki ba ta fito ba.

Nan unguwarmu ta Sparkhill, a ƙasar Turawa, har yanzu sanyi bai sake mu ba. Fabrairu ta kusa ƙarewa, amma kullum da safe ciyawar bayan gidanmu fari fat take da ƙanƙara, rana kuwa sai dai a ji labarinta. A haka na shiga lambunki da fartanyar nan taki mai karkatacciyar ƙota. Na tsige ciyawa, na kwashe ruɓaɓɓen ganye, na juye taki, har yatsuna suka daina jin komai.

Kin tuna zuwanki wankan jegona da na haifi Hanan, zuwan da ya zama zama? Kin ƙullo irin a bakin zani tun daga ƙauye, 'yar gajerar kuɓewar da kika ce mahaifiyarki ma ita take shukawa. Da kika ga ruwa ya wuni yana zuba, sai kika fita ba takalmi, kika sara, kika zuba, kika rufe da diddige, wai ruwan shuka ya sauka. A watan Fabrairu fa, Inna! Na yi magana, kika ce ke da noma ba yau kuka saba ba. Ƙanƙara ta cinye shi tas. Kika yi ta mita, wai wace irin ƙasa ce wannan da ruwanta ba shi da alkawari.

Allah Ya so kin rage kaɗan. Tsohuwar nan 'yar Pakistan da muke katanga ɗaya, ita ba Hausa, ke ba Turanci, da hannu ta koya miki: a shuka a kofi, a jera a taga saman hitar ɗumama ɗaki, sai gari ya yi ɗumi a kai ɗakin leda na renon shuka. Tun daga nan tagar kicin ta fi ƙarfina. Robar yogot ba ta isa ta shiga shara ba, kin wanke kin huda gindinta.

Duk wannan wahala, abin da ake samu bai wuce miyar tukunya biyu ba a shekara. Nakan tsokane ki in ce ga kuɓewa can jibge a shagunan Stratford Road, ki huta mana. Sai ki harare ni ki ce waccan ba yauƙi, ba ƙamshi. Kuma ko miyar ba za ta isa ba, sai kin bar biyu a jikin kara sun bushe ƙamas. Na iri ne, kika ce, ba a taɓawa.

Bayan rasuwarki na tarar da na ƙarshe a gwangwanin madara, ƙarƙashin gadonki. Wallahi kasa shukawa na yi. Duk shekara in lokaci ya yi sai in buɗe, in kalla, in rufe. Tsoro nake ji kada in zuba a ƙasa ya ƙi, in rasa na ƙasa in rasa na gwangwani. Na kira ƙaninki Kawu Sale ko akwai a gida, ya ce gonar an yanka ta filaye, mutane duk sun koma irin kanti.

Bana Hanan ce ta matsa mini. Jikarki ta shiga jami'a, tana zaune unguwar Selly Oak da ƙawayenta, ta zo hutun mako ta ce ta fara manta ɗanɗanon miyarki. Maganar ta soke ni. Na ɗauko gwangwanin, na jiƙa irin a ruwan ɗumi yadda kike yi. Ke kike cewa wanda ya nutse shi ne mai rai, wanda ya taso a zubar.

Inna, gaba ɗaya suka taso. Na danna su da yatsa, suka sake tasowa. Ban zubar ba. Na shuka su ɗai-ɗai da bisimilla, na jera a tagarki, na yi ta leƙe safe da yamma kamar mai jinya.

Jiya haƙurina ya ƙare, na tona da tsinke. Duk sun ruɓe. Nan na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Ashe ke da kike zuba shi a ƙasa kowace shekara, ke ce mai raya shi. Ni da na rungume shi don kada ya ƙare, a hannuna ya mutu.

Ban faɗa wa Hanan ba tukuna. Ta kira ɗazu tana tambaya ko sun leƙo, na ce mata sai a hankali, sanyi ne. Yau da safe ma na zuba musu ruwa.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sada ki da iyayenki a Aljanna. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin zuciyar sauke kofunan nan daga taga.

'Yarki mai kewarki,
Bilki