Biyun da Na Haɗiye

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Sakamakon awon Biba ya dawo daga Yamai. Ciwon daji ne, a nonon hagu. To, na rubuta, tunda baki ya ƙi faɗa.

Mun bar Tama da sassafe, ba mu ga likita a asibitin mishan ba sai da rana ta take. Mace ce, Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, da faransanci take aiki. Akwai wata mai jinya, Hulda, da ke yi wa marasa lafiya tafinta. Na ce ta je ta huta. Shekara talatin ina koyar da faransanci a lakwal, wato makarantar boko, kafin in aje alli, ba a gabana wata za ta juya wa matata magana ba. Ta dube ni, ta dubi Biba, ta fita.

Abin da likita ta ce: na hagu dole a cire shi. Na dama lafiya lau yake a hoto. Amma da yake ciwon nan ne ya kashe mahaifiyar Biba, shi ne kuma ya kashe yayarta Asiya tana da shekara arba'in, mai yiwuwa gado ne, kuma awon da zai tabbatar ba a yin sa a nan. Don haka ana iya cire duka biyun lokaci guda, in mai jikin ta so. In an bar na dama, sai a riƙa zuwa ana duba shi a kai a kai. In an cire, aikin ya fi girma, jinya ta fi tsawo. Ta ce zaɓi na Biba ne, ta je ta yi tunani mako uku.

Abin da na gaya wa Biba: za a cire na hagu, ɗayan lafiyarsa lau, mu dawo bayan mako uku.

Tafinta na gari yakan taƙaita.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ban san Tama na da likitoci haka ba. Tun hantsi suke shigowa, kowa da ƙullinsa. Wannan sassaƙe, wannan saiwa, waccan ta ce a shafa, wancan ya ce a turara. Mutumin da bai iya rubuta sunansa ba yana yi mini bayanin yadda ciwo ke tafiya cikin jini. Kuma duk cikinsu ba wanda ya kira abin da sunansa. "Wurin." "Lalurar nan." Nonon da kowannensu ya sha ya girma, yau ya zama abin kunya.

Alhaji Halidu, wan Biba, ya zo bayan la'asar. Shi ma Mushe yake kirana, yadda ake kiran malamin lakwal a nan. Ya ce, "Mushe, daji bai son ƙarhe. Da an sa mai wuƙa, watsuwa shika yi. Kai da ka yi karatu ba ka san wanga ba?" Wai akwai wani mai magani wajen Tabotaki da ke busar da shi cikin kwana arba'in.

Ƙarfe bai taɓa Asiya ba. Wata goma sha huɗu ana shafa mata maganin wani irinsa, har ɗakin ya gagari shiga. Shi Alhajin ne ya riƙa kai ta. Na ce masa Allah ya saka da alheri, na raka shi bakin zaure, na dawo na shuri buta.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na karanta abin da zan iya samu a salula. Masana sun ce ga yawancin mata, cire mai lafiyar ba ya ƙara tsawon rai. To ga shi. Ba ni na faɗa ba.

Sun kuma yi wani dogon bayani kan masu gadon ciwon. Rubutun ƙanana ne, idona ya gaji.

Talata, 15 ga Oktoba

Biba ta je garka duba irin albasarta, kamar ba komai. Da ta dawo ta zauna tana ɓarar wake, ni ina kan kujera da littafi. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Mushe, ina 'de' ɗin yat tahi?"

Na ce wane de?

Ta ce, "Shekara ashirin da biyar muna zaune gidan lakwal, katanga guda tsakanina da ajinka. Kullum sahe ɗiyan mutane na ihu: an, de, turwa. Ko kazar gidan ta san 'de' biyu na. Likita ta ce 'le de' sau ukku, tana nuna ƙirjinta da hannu biyu. Kai kuma Hausarka ba biyu a ciki. Kai kac cinye ta?"

Na ce faransancin asibiti daban yake da na aji. Ta ce, "To." Ta ci gaba da ɓarar wake.

Wannan "to" ɗin, da mari ne da ya fi sauƙi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Haushi nake ji, kuma ina da hujja. Mace ta yi shekara ashirin da biyar tana sauraron darasina ta bayan katanga, ba ta taɓa nuna ta tsinci ko kalma guda ba, sai ranar da za ta kama ni da ita. Kwana takwas tana riƙe da abin a ciki, tana kawo mini fura, tana jira ta ga ko zan faɗa da kaina. Wannan ba tarko ba ne? Sufetocin da suka riƙa zuwa duba ni daga Buza ba su kai ta iya sa ido ba.

Kuma don wa na yi? Ba don ita ba? Mutum ya rage wa matarsa nauyin tunani, a mai da shi ɓarawo.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na faɗa mata duka, tiryan-tiryan, yadda likita ta jera. Har na ƙara da abin da masana suka ce, wannan karon da ɓangaren masu gado.

Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Da wanne kaka tsoro, in mutu a kan gadon aiki, ko in tashi ba komi a gabana?"

Na ce na farko, mana.

Ta ce, "Hakanan?"

Na tashi na je duba awaki, da ba su bukatar dubawa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Duka biyun ne. Littafin nan ba ya kai tsegumi, bari in faɗa masa. Ina tsoron aikin, gaskiya ne. Amma akwai ɗayan. Shekara ashirin da bakwai da aure. Na ce a raina ko ɗaya a bar mini. A bar mini! Kamar gonar gado ake rabo.

Na karanta littattafai da yawa da ke zagin irin mutumin nan. Ina ma sa wa ɗalibai su a jarrabawa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Bushira, autarmu da ke karatu a Tawa, ta kira. Uwar ta gaya mata. Ta ce, "Baba, da ni ce aka ɓoye ma haka, mi za ka ce da mijin?" Na ce yaran zamani ba su da ta-ido. Ta ce ba amsa ba ce. Wa ya koya mata irin wannan magana? Ni, da hannuna, a aji shida.

Da yamma Biba ta yi maganar Asiya, abin da ba ta saba ba. Ashe ita ta riƙa wanke mata ciwon, safe da yamma, kuma ashe daga baya ya fito a ɗayan ma. Ban sani ba. Lokacin ina can ina gyaran takardun jarrabawa, ina aika gaisuwa. Ta ce ba wuƙa take tsoro ba. Abin da take tsoro shi ne ta riƙa lalubar kanta kullum in za ta yi wanka, tana jiran ranar da za ta ji ƙullutu. Ta ce amma kuma wani lokaci takan ce, abin da Allah ya bari da lafiya, don me za a taɓa shi? Ba ta yanke ba tukuna.

Na buɗe baki zan ba da shawara. Ta ce, "Ban tambaya ba, Mushe. Hwaɗi nika yi."

Litinin, 28 ga Oktoba

Mun koma asibiti. A bakin ƙofar likita Biba ta miƙo mini jakarta da mayafin da ta cire saboda zafi, ta ce, "Riƙe mini." Ta yafito Hulda, suka shige.

Awa guda da minti goma ina kan benci, tsakanin wani Buzu mai karyayyar ƙafa da wata tsohuwa da ta tambaye ni ko ni ma awon ciki na rako. Ni da na san bambancin kalmomin da Hulda ba ta taɓa ji ba. Ta taga ina jin muryar Biba, tambaya bayan tambaya. Ban san tana da tambayoyi haka ba. Rannan da nake ciki ko ɗaya ba ta yi ba. Har dariya na ji sun yi, su uku. Me ke abin dariya a ciwon daji, oho.

Da suka fito, babban yatsan Biba na da shuɗin tawada. Ta dangwala wa takardar aikin da kanta. Hulda ta ce mini, "Sannu da jira, Mushe," da wani irin ladabi da ban yarda da shi ba.

Ban tambaya ba. Muna cikin mota, mun wuce Madawa, ta ce, "Duka biyun." Ta ce likita ta sake jaddada mata ba dole ba ne, kuma ko an cire, sauran magani na nan yana jiranta. Ta ce ta ji, ta auna, haka ta zaɓa.

Na ce Allah ya sa shi ne mafi alheri. Muryata ta fito kamar ta wani.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Alhaji Halidu ya ji. Ya shigo ko zama bai yi ba. "Guda bai isa ba sai biyu? Har da mai lahiya? Mushe, kai ka yarda da wagga ɓarna? Ba kai na mai gida ba?"

Na ce, "Alhaji, ba a tambaye ni ba. Kuma ba a jikina suke ba, ba a naka ba."

Ya ce boko ya lalata ni. Na ce Asiya ba ta yi boko ba. Wannan bai kamata in faɗa wa surukina ba, amma na faɗa, kuma da na sake dubawa ban ga inda zan gyara ba. Ya fita yana kaɗa riga.

Biba na cikin ɗaki, ta ji komai. Da ta fito ta ce in bi shi gobe in ba shi haƙuri, ɗan'uwanta ne, tsoro ke sa shi. Zan je. Haƙurin yadda na faɗa zan bayar, ban da abin da na faɗa.

Talata, 12 ga Nuwamba

An yi. Awa huɗu. Ta farka. Alhamdu lillahi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Mun dawo gida shekaranjiya. Masu dubiya sun dawo su ma, yanzu idonsu ke yin tambayar, ya sauka ƙasa da haɓarta ya gudu. Wata ta ce mata "Allah ya mayar da alheri," kamar an yi gobara. Da ni ne da na kore su. Ita sai ta ce a ba su ruwa.

Jiya Bushira na canza mata bandeji na shigo ɗaukar tabarau, zan juya, Biba ta ce, "Tsaya ka gani, Mushe, kar wani ya fassara maka." Na tsaya. Layi biyu ne, an ɗinke da kyau. Ban faɗi ba, ban kuma yi jawabi ba.

Hannuwanta ba sa ɗaguwa sama sosai tukuna. Yau da safe Bushira ta tafi rijiya, baƙi na sallama a zaure, kan Biba ba kallabi. Ba kowa sai ni, shi ya sa, ba wani abu ba. Sau uku ina ɗaurawa yana zamewa. Wanda ya ƙirƙiro ɗaurin nan mugu ne. Na huɗu ya zauna, a karkace, kamar hular ɗan dako. Na ce bari in kwance in sake.

Ta ce a bar shi haka, baƙi su shigo.